Babur mai kilo 268 a cikin rairayin hamada: a shiga da shi ko a ajiye?

Sabon Mahayi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen manya. Babur ɗina BMW R 1250 GS Adventure ne, kuma a kan kwalta da burji ban taɓa kuka da shi ba. Yanzu abokaina suna shirya tafiyar hamada, hanyar akwai tsakuwa, akwai fako, akwai kuma tuddan rairayi da sai an tsallake. Wasu daga cikinsu sun ce in ajiye shi in nemi ƙarami. Ni kuwa ina ganin ai don irin wannan tafiyar aka ƙera shi. Me kuka gani?

Mai Babban Tanki: Wa alaikumus salam. Ƙanena, hau abinka. Masu ce maka ka ajiye ba su san tarihin abin da kake hawa ba. Kakan babur ɗinka, R 80 G/S, ya fito a 1980, kuma da irin wannan injin Hubert Auriol ya ci tseren Paris zuwa Dakar a 1981 da 1983. Gaston Rahier ya ɗora a 1984 da 1985. Rahier fa gajere ne, tsayinsa mita 1.64, ƙafarsa ba ta kai ƙasa, sai ya tayar da babur ya bi shi da gudu sannan ya ɗare. In wannan ya ƙetare Sahara, kai mene ne zai hana ka?

Baba Makaniki: Alhaji, ka faɗi gaskiya amma ka bar rabinta a aljihu. R 80 G/S da mai a cikinsa kilo 186 ne. Na yaron nan kilo 268 ne in an cika tankinsa mai cin lita 30. Ɗora masa akwatunan ƙarfe uku da maƙalansu, waɗanda ko babu komai a ciki sun haura kilo 15. Zuba ruwan sha lita 10, kilo 10 ke nan. Sai tanti, sai kayan gyara, sai famfon taya. Ya wuce kilo 300 tun shi bai hau ba. Sunan ne ɗaya, dabbar ba ɗaya ba ce.

Mai Babban Tanki: Baba, baburan tseren ma ai ba sauƙi gare su ba. Manyan tankunan mai suke ɗauka a lokacin.

Baba Makaniki: Haka ne. To wa ke kai? Rahier sau uku yana zama zakaran duniya a tseren babura na kan turɓaya (motocross), daga 1975 zuwa 1977, kafin ya taka hamada. Da yamma makanikai na jiran sa, jirgi na shawagi a sama. Shi wannan da ya yi tambaya, wa ke jiran sa?

Uwar Tafiya: Ni tambayata ɗaya ce ga mai babur, kuma ita ce nake yi wa duk wanda ya zo da wannan maganar. Malam, ka taɓa kwantar da shi a cikin yashi mai laushi, da kaya a kai, ka ɗaga shi kai kaɗai? Ba sau ɗaya ba. Ka ɗaga, ka huta minti biyu, ka sake kwantarwa, ka sake ɗagawa, da rana tsaka, da rigar kariya da takalmi a jikinka. Domin a rairayi ba a tambayar ko za ka faɗi. Za ka faɗi, gwani ma yana faɗuwa. Faɗuwar ba ta cika yin ciwo ba, tunda gudun kaɗan ne kuma ƙasar laushi gare ta. Ɗagawar ce ke cinye mutum. Na farko za ka ɗaga kana dariya. Kafin a jima hannu ya fara rawa, numfashi ya ƙi komawa daidai, kuma mutumin da ya gaji shi ne ke sake faɗuwa da wuri. Haka abin ke zagayawa har ka ga ƙato ya zauna a inuwar babur ɗinsa ya ce shi kam a bar shi nan.

Sabon Mahayi: Hajiya, a kan tsakuwa na sha ɗaga shi. A yashi kam ban gwada ba.

Mai Babban Tanki: Wannan babur ya fi da yawa sauƙin ɗagawa, domin silindarsa biyu sun fito gefe da gefe. In ya faɗi ba ya kwanciya shame-shame, yana jingine ne a kan silinda.

Uwar Tafiya: A kan fako, na yarda. A rairayi silindar nutsewa take, ƙafarka ma tana nutsewa yayin da kake turawa. In kuma a gangare ya faɗi, tayoyi a sama kai a ƙasa, sai ka fara jan gaban ka juyo da shi tukuna kafin a yi zancen ɗagawa.

Sarkin Gardama: Ku dakata. Kuna magana kamar hamada duk rairayi ce. Sahara kanta, wurin da tuddan yashi suka rufe bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran tsakuwa ce, da duwatsu, da busassun koramu, da shimfiɗaɗɗen fako. A irin wannan hanyar babban babur ya fi daɗi nesa ba kusa ba: ba ya karkarwa a gargada, iska ba ta wasa da shi, sirdinsa ba ya cin mutum, kuma mai lita 30 ba ya tunanin gidan mai. Wanda ke kan ƙaramin babur mai injin cc 450 yana can yana ɗaure jarkoki. To don tudu goma sai a sha wahalar kilomita dubu?

Baba Makaniki: Wannan magana ce mai ma'ana. Amma tudu goman nan ba a tsallake su da lissafin kashi.

Tsohon Jagora: Bari in sa baki, tunda an zo kan yadda ake tuƙin. Ko wane babur za ka hau, abin da rairayi ke so ɗaya ne, kuma ya saɓa da abin da jikinka zai gaya maka.

Da zarar tayar gaba ta shiga laushi, kan babur zai fara lilo hagu da dama. Zuciyarka za ta ce saki totur, ka riƙe kai da ƙarfi, ka sauke ƙafa. Duk ukun kuskure ne. In ka saki totur, nauyi ya koma gaba, tayar gaba ta nutse ta karkace, ka sha ƙasa. Abin yi shi ne ka miƙe tsaye a kan matakai, ka ja ƙugunka baya, ka matse tanki da gwiwoyi, hannu sako-sako, ka ƙara wuta kaɗan. Ƙarin wutar ne ke ɗage nauyi daga gaba har tayar ta hau saman yashin maimakon ta riƙa huda shi. Ka bar kan ya yi lilonsa, zai dawo da kansa. Juyawa kuma da ƙafa ake yi, ka danna matakin gefen da kake so ka nufa. Ido can nesa, ba kan tayar gaba ba.

Giya ta biyu ko ta uku. Ta ɗaya tana sa tayar baya ta yi ta haƙa rami. Wajen tashi ma, da yawa sun fi son ta biyu, a saki kuloci da sauri, a miƙe tsaye tun babur bai gama daidaita ba.

Inda nauyi ke shigowa shi ne nan: kowane babur yana da gudun da in ya kai sai ya taso saman yashi. Ƙarami yana tasowa da wuri. Mai kilo 300 yana buƙatar gudu fiye da haka, kuma faɗuwa a wannan gudun da wannan nauyin ba irin faɗuwar da Hajiya ta ce ba ta ciwo ba ce.

Sabon Mahayi: Yallaɓai na gode. To na'urorin da ke jikinsa fa? Yana da tsarin tuƙi na hanyar da ba kwalta.

Tsohon Jagora: Kashe na'urar da ke hana tayar baya murzawa, ko ka mai da ita can ƙasa. A rairayi taya dole ta murza. In na'urar ta ga haka sai ta yanke maka wuta, daidai lokacin da kake tsakiyar hawan tudu. ABS na baya ma, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, a kashe. Birkin gaba kuwa ka manta da shi a cikin laushi, yashin da kansa birki ne.

Baba Makaniki: Ka lura da wani abu: a wasu baburan, in ka kashe makulli ka sake kunnawa, na'urorin nan sukan koma yadda suke. Mutum ya faɗi, ya ɗaga, ya tayar, ya manta, sai ya ji babur na shaƙewa ya ce inji ne. Ka gwada naka a gida ka san halinsa.

Sarkin Gardama: Maganar taya fa ba wanda ya taɓo. Nasa inci 19 ne a gaba, 17 a baya. Babura irin su Ténéré 700 da Africa Twin da KTM 890 Adventure R duk 21 ne a gaba, 18 a baya. Ni dai ina ganin tasa, da yake ta fi faɗi, ta fi tasowa saman yashi.

Tsohon Jagora: Faɗi yana taimako, amma tsawon wurin da taya ta taka ƙasa ya fi. Mai inci 21 tana hawa kan abin da ta tarar, ƙarama tana tura shi gaba. Shi ya sa ba za ka ga baburan tseren hamada na yau da 19 ba. Kuma rage iska ma tsawon nan yake ƙarawa.

Sabon Mahayi: Nawa zan rage? A kwalta, a ma'aunin iska na PSI, 36 nake sawa gaba, 42 baya.

Baba Makaniki: Ni a babur mai wannan nauyin ba na son a sauka ƙasa da 22 zuwa 25. Masu ƙananan babura suna sauka ƙasa da haka sosai, domin suna da makullin da ke riƙe taya a jikin rim, wasu ma soson roba suke cusawa a madadin iska. Naka marar tub ne. In ka rage da yawa, ka daki dutsen da yashi ya ɓoye, rim ya lanƙwashe, iska ta fita gaba ɗaya, kuma ƙaramin famfo ba lallai ya iya mai da bakin tayar mazauninsa ba. Ka tafi da tub ko da tayar ba ta tub ba ce, ranar da rim ya lotse shi zai fitar da kai. In kun fito daga yashi kun hau duwatsu, ka tsaya ka ƙara iska, kada ƙyuya ta hana. Tayar kuma ta zama mai manyan haƙora. Wadda ka saba da ita a kwalta ba ta da aiki a can.

Uwar Tafiya: Akwatunan ƙarfen nan kuma a bar su a gida, don Allah. Sabon shiga in babur ya fara lilo sai ya zauna ya riƙa taka ƙasa da ƙafa. Ƙafar ta maƙale a yashi, babur ya ci gaba, kusurwar akwati ta same ta ta baya. Ƙwauri ko idon sawu ke nan. Jakunkuna masu laushi, a ɗaure su ƙasa-ƙasa kusa da tsakiya. Akwatin baya na sama ya fi kowanne muni, domin nauyi ne a sama kuma a can ƙarshe, ga shi yana hana ka ja jiki baya.

Mai Babban Tanki: Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya ce ba zai yiwu ba. Fabrizio Meoni ya ci Dakar a 2002 da KTM 950 mai silinda biyu. A 2024 Jacopo Cerutti ya ci tseren hamada na Africa Eco Race da Aprilia Tuareg 660, ya bar masu 450 a baya. Ku kalli abin da ɗan tseren nan Pol Tarrés ke yi da Ténéré 700.

Baba Makaniki: Tuareg da Ténéré ɗin da ka ambata kilo 200 da 'yan kai ne da mai. Tsakaninsu da na yaron nan akwai sama da kilo 60, nauyin mutum guda. Dakar kuwa tun 2011 ba a shiga da abin da ya wuce 450.

Sarkin Gardama: Wannan dokar ba don nauyi kaɗai aka yi ta ba, Baba. Ana son rage gudu, ana kuma son wasu kamfanoni su shigo domin KTM ta mamaye wurin. Duk da haka ta ci gaba da ci har 2019, sai a 2020 Ricky Brabec ya karɓe wa Honda a Saudiyya.

Baba Makaniki: Na yarda. Amma ka duba wane babur mutanen da ke biya daga aljihunsu suke zaɓa in za su shiga tuddai.

Tsohon Jagora: Tuddan nan su ne ya kamata mai tambaya ya fahimta. Tudu fuska biyu gare shi. Wadda iska ke bugawa tana da sauƙin hawa kuma yashinta a danne yake. Ɗaya fuskar, inda yashi ke zubowa, gangarenta ya kai digiri 30 zuwa 34 kuma laushi ne zalla. Daga ƙasa ba ka ganin abin da ke bayan ƙololuwa. In ka zo da wuta da yawa, ka tashi sama ka faɗa ta ka. In ka zo da kaɗan, ka kafe saura taku biyu. Ana so ka sassauta daidai lokacin da tayar gaba ta leƙa, ka duba, sannan ka gangara a miƙe, jiki a baya, da 'yar wuta. Kada ka yanke gangare a karkace. In kuma ka ga ba za ka kai sama ba, ka yi kwana ka sauko tun da sauran gudu.

Shi ya sa ake duba alƙiblar tafiya tun a taswira. Hamadar Simpson ta Ostareliya tana da tuddai sama da 1,100 a jere, kuma masu ƙetare ta sun fi son tasowa daga yamma zuwa gabas domin fuskar yamma ta fi sauƙi. Hukuma ma rufe ta take daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris saboda zafi. A Erg Chebbi na Moroko tuddan sun kai mita 150, amma wurin ƙarami ne, akwai hanyar zagayawa ta gefe. Ba kowace hamada ke ba ka wannan zaɓin ba.

Lokaci ma yana da nasa. Da asuba yashi ya sha sanyin dare, ya fi ɗaukar nauyi. Da rana tsaka ya saki, kuma babu inuwa, sai rami da tudu su zama launi ɗaya a idonka.

Uwar Tafiya: Ni abin da na fi tsoro ba tudu ba ne, fesh-fesh ne. Ƙasa ce mai laushi kamar garin siminti, takan cika ramukan da manyan motoci suka haƙa, daga sama kuma sumul take. Kana tafe a kan tauri sai gaba ya nutse, ƙura ta turnuƙe, ba ka ganin ko hannunka, na bayanka ma ba ya ganin ka faɗi. A bar tazara mai yawa. Haka busasshen tafkin gishiri: ɓawon sama ya bushe, ƙasansa taɓo ne. Ƙarami zai wuce, mai nauyi ya fasa ɓawon. Ku bi sawun da aka riga aka bi.

Sabon Mahayi: In ya kafe fa? Na ga bidiyon da taya ta nutse har babur ya tsaya da kansa ba jak.

Baba Makaniki: Abu na farko, cire hannunka daga totur. Duk murzawar da ka ƙara rami kake zurfafawa, kuloci kake ƙonawa. Sauka, ka sauke kaya, ka kwantar da babur a gefensa da gangan har tayar baya ta fito daga ramin. Tura yashi da ƙafa ka cike ramin, ka ɗaga shi, ka share gaban tayoyin. Sannan ka tsaya a gefensa ka saki kuloci a hankali kana turawa, in akwai mutum ya tura ta baya, amma ya kauce wa feshin taya. Ka ga ko fitar da shi ma sai da ɗagawa, mun koma maganar Hajiya.

Kuloci shi ne abin da na fi ganin an kashe. Naka yana cikin baƙin mai, ya fi jurewa. Tsofaffin R 1200 GS na kafin 2013 busasshe gare su, in ya ƙone sai an raba babur biyu kafin a kai gare shi. In ka ji ƙauri, tsaya ya huce. Abu ɗaya da ka huta da shi: ba ka da sarƙa. Masu sarƙa kada su shafa mata mai mai danƙo, yashi zai manne ya cinye ta tare da haƙoran. Matatar iska kuma a duba ta kowace yamma in ana cikin ƙura.

Ma'aikaciyar Jinya: Ku ba ni dama in ce wani abu, tunda duk kuna kan ƙarfe. Mai aikin ƙarfi cikin zafi yana iya zubar da gumi fiye da lita ɗaya a awa, kuma a busasshiyar iska gumin yana bushewa nan take, ba ka sanin kana zubarwa. Kada a jira ƙishirwa. A riƙa kurɓa a kai a kai, a haɗa da gishirin ORS, domin ruwa zalla da yawa ba gishiri shi ma yana kayar da mutum. Fitsari in ya yi duhu ko ya ɗauke, an makara da sha. Ku riƙa lura da juna: wanda ya fara faɗuwa a wurin da bai kai a faɗi ba, ko yana amsa tambaya a birkice, ko ya fara faɗa ba dalili, kada a ce masa ya daure. Zafin jiki in ya haura digiri 40 tare da ruɗewa, rai ake magana. A cire masa kaya, a yi inuwa, a jiƙa shi, a yi ta fifita, a kira agaji.

Tsohon Jagora: Kiran agajin kuma ba da wayar hannu ba. A tafi da na'urar tauraron ɗan'adam, ko irin mai aika saƙo ko mai kiran ceto a kan zangon rediyo na 406 MHz, kuma a jikinka za ta kasance, ba a jikin babur ba, domin kana iya faɗuwa nesa da shi. A bincika dokar ƙasar tukuna, wasu irin su Indiya suna kama mutum a kan shiga da ita ba izini. Thierry Sabine da ya kafa Dakar ai ɓacewa ya yi a kan babur a tseren Abidjan zuwa Nice a 1977, da ƙyar aka gano shi. A tambayi halin tsaron hanyar ma. Dakar ta 2008 soke ta aka yi bayan kashe Faransawa huɗu a Muritaniya, kuma akwai sassan Sahara da har yau nakiyoyi ke binne.

Mai Babban Tanki: Kun tsorata yaro. A mai dai ba wanda zai kama ƙafarsa.

Baba Makaniki: A kwalta zai yi sama da kilomita 500 da tanki ɗaya. A laushi shan mai yana iya ninkawa. Ya yi lissafi da rabi.

Sabon Mahayi: Na tambayi masu shirya tafiyar. Sun ce akwai mota mai jan ƙafa huɗu da za ta bi mu, kuma sashen tuddan yana da hanyar zagaye amma ta fi nisa.

Uwar Tafiya: To ai da ka faɗi wannan tun farko. Kaya duka a mota, har ruwan da ba na goyo ba. Tanki kada ka cika shi ranar yashi, kowace lita 10 da ka rage kilo 7 da rabi ne, kuma daga sama ka rage su.

Mai Babban Tanki: Ka ji ko. Shiga tuddan kawai, ga mota a baya.

Tsohon Jagora: A'a, Alhaji. Mota ba ta ɗaga masa babur a bayan tudu na uku, ita ma ta kanta take yi. Ni shawarata ya bi zagaye da mutum ɗaya aƙalla. In an sauka da yamma, ya ari ƙaramin wani ya shiga ƙananan tuddai ya koyi hannu. Kafin tafiyar kuma ya nemi busasshen rafi mai yashi ya yi abin da Hajiya ta ce.

Sarkin Gardama: Motar tana da tirela ko wurin ɗora babur? In kuloci ya ƙone ko ƙafa ta karye, wa zai fito da kilo 268?

Sabon Mahayi: Wannan ban tambaya ba. Bari in kira su.

Baba Makaniki: In ka kira, tambaye su har da katakon hawa da igiyoyin ɗauri. Mutum huɗu ba sa ɗaga wannan babur zuwa bayan mota da hannu a cikin yashi. Ka kuma turo min lambobin da ke jikin tayoyinka in gaya maka girman tub ɗin da za ka nema.